Ba lalaci ba ne, ya ku masu gida

Jama'ar Gure, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A gareji, shagon tela ko buro, da yaro ya manta aike ko ya kasa zama wuri guda, sai mu ce malalaci ne ko mai iskoki, mu kore shi. Alhali wani TDAH ke damunsa, larurar ƙwaƙwalwa da ke hana tattara hankali tun yarinta, kuma likitoci sun san ta. Zagi ba ya magance ta. Mu ba shi aiki ɗaya-ɗaya, mu tuna masa da saƙon murya a WhatsApp, mu raba shi da hayaniya. In ta tsananta, sai asibitin Damagaram. Korar nan wa ta amfana? Mu mun rasa ma'aikaci, gidansu sun rasa cefane.