Marni Nixon: an sayi muryarta, an ɓoye sunanta

Duk wanda ya kalli fim ɗin My Fair Lady na 1964 ya ga Audrey Hepburn tana buɗe baki, waƙa mai daɗi na fita. To, galibin waƙoƙin nan ba daga maƙogwaronta suka fito ba. Muryar wata Ba'amurkiya ce, Marni Nixon, wadda ko sau ɗaya ba a rubuta sunanta a jikin fim ɗin ba. A ganina wannan zalunci ne, ko da kuwa an biya ta ladan aikinta.

An haife ta a Altadena ta jihar Kalifoniya a 1930, kuma tun tana yarinya ta koyi waƙa irin ta ƙwararru, ta kai tana karanta rubutaccen kiɗa tana rerawa nan take. Wannan baiwa ce ta sa kamfanonin Hollywood suka riƙa nemanta duk sa'ad da suka ɗauki tauraruwar da fuskarta ke jawo kasuwa amma muryarta ba ta kai ba. Ita ta yi wa Deborah Kerr waƙa a The King and I a 1956, ta yi wa Natalie Wood a West Side Story a 1961, sannan Hepburn.

Kada a ɗauka aikin shiga ɗakin ɗaukar murya ne kawai a rera a fito. Lokacin The King and I, tsayawa take yi kafaɗa da kafaɗa da Kerr a wurin gwaji, tana lura da inda take jan numfashi, da yadda take lanƙwasa harshe irin na mutanen Birtaniya, har da motsin hannunta. Sai ta danne salonta ta ari na wata, don idan magana ta ƙare waƙa ta fara, kunnen mai kallo kada ya ji an canza mutum. Kowane mawaƙi burinsa a ji muryarsa a ce wane ne. Ita kuwa cin nasararta shi ne kada a gane ta.

Me ta samu? Ta faɗa da bakinta cewa dala 420 aka ba ta a The King and I, aka kuma ja mata kunne cewa in ta kuskura ta fasa ƙwai, ita da aiki a Hollywood har abada. Faifan waƙoƙin ya yi kasuwa sosai, ba ta da ko sisi a ciki. Kerr ce ta nuna dattaku, ta gaya wa 'yan jarida gaskiyar wadda ta yi waƙar. A West Side Story ma sai da Nixon ta tsaya kai da fata kan a ba ta rabo daga cinikin faifai, aka hana, har Leonard Bernstein, wanda ya tsara kiɗan, ya yanka mata wani ɗan kaso daga nasa.

Akwai masu cewa ai ta san sharaɗin kafin ta sa hannu. Ban yarda da wannan hujja ba. Matashiya mai neman abinci a gaban kamfanin da ke iya rufe mata kowace ƙofa, wane zaɓi gare ta? Ɓoyewar ma ba ta amfani taurarin ba. Natalie Wood ta sha wahalar rera waƙoƙinta, daga baya ta tarar an cire muryarta. Hepburn kuwa, da maganar ta fito, ko cikin 'yan takarar Oscar ba a sa ta ba a shekarar da Julie Andrews ta lashe kyautar da Mary Poppins, alhali Andrews ɗin ce ta yi rawar My Fair Lady a dandalin Broadway tun 1956, amma da aka zo yin fim ɗin aka tsallake ta.

Nixon ba ta ƙare a bayan labule ba. An ga fuskarta a The Sound of Music a 1965 a matsayin Sister Sophia, ta hau dandali a New York har cikin tsufanta, ta fitar da tarihin rayuwarta a 2006, ta rasu a 2016 tana da shekara 86.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya ba a taɓa ɓoye mana cewa Lata Mangeshkar ce ke rerawa a bayan 'yan wasa ba, kuma sanin hakan bai rage mana daɗin kallo ba. A Kannywood ma haka tsarin yake, 'yar wasa na motsa leɓe, wata na rerawa. Sunan mawaƙiya ya kan fito, amma tambayar da Nixon ta yi a 1961 tana nan: idan waƙar ta ci gaba da kawo kuɗi a YouTube shekara da shekaru, nawa ne rabon mai muryar? Ina son in ga furodusoshinmu suna rubuta amsar wannan a takardar yarjejeniya, tun kafin yarinyar ta tsaya gaban makirfo.