Ƙarin Ruwa Ba Shi Ne Maganin Ba

 Yau zancenmu a kan ciwon nan ne da likitoci ke kira sefsis, watau ƙwayoyin cuta su shiga jikin yaro, jikin ya rikice wajen yaƙi da su har ya koma yana lahanta kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2017 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 2.9.

Mu a Maradun da Bakura da Talata Mafara mun ɗauki wata ɗabi'a. Da yaro ya galabaita, sai a aika a kira mai kemis ya ɗaura masa ruwa a ɗaka, hankalin kowa ya kwanta wai an yi magani.

To, ku saurara. A 2011 aka bayyana binciken da aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa bisa waɗanda aka ba kaɗan-kaɗan. Likitocin ma sun sha mamaki. In haka ta faru a gaban likita, ina ga ɗakin uwargida? Mai gudawa da amai shi zancensa dabam ne, ruwa yake bukata, amma malamin asibiti ne zai auna.

Akwai kuma zinki, wanda muka sani a maganin gudawa. A 2012 aka bayyana gwajinsa da aka yi a Indiya ga jarirai masu wannan ciwo, ya taimaka, amma fa tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta aka ba su. Allurar nan ita ce uwar magani, kuma saurin samunta shi ke ceto.

Don haka in jaririnki ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko jijjiga, ko cibiyarsa na wari, goya shi sai babban asibitin Maradun. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki gaba. Kada ki ce sai an yi suna, ko sai maigida ya dawo daga gona. Tun kina da ciki ki nemi izininsa na fita irin wannan, a kuma ajiye kuɗin mota, domin kin san yadda hanyoyinmu suke in dare ya yi.