Albashi Kaɗai Ba Ya Sayen Zuciyar Ma'aikaci

Duk lokacin da aka yi ƙarin albashi a Nijeriya, kuka ɗaya ake ji daga bakin manya, watau an ƙara kuɗi amma aiki bai ƙaru ba. An ji shi a 1981 da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 125, an kuma ji shi bayan dokar Naira 70,000 ta 2024. Lalle kukan yana da ƙamshin gaskiya, amma masu yinsa ba su cika waiwayen inda cutar ta samo asali ba.

A 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukuma a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don ta binciki aikin gwamnati. Rahoton da ta miƙa a 1974 bai tsaya kan kuɗi ba. Ya nemi a riƙa yanka wa kowane ma'aikaci abin da ake so ya cim ma, a horar da shi, a auna shi da abin da ya aikata, ba da yawan shekarun da ya yi a kan kujera ba. To, sai aka tsame ƙarin albashin aka biya har da ariyas na watanni, sauran shawarwarin kuwa yawancinsu suka kwanta cikin fayil. Ma'aikata suka cika gida da rediyo da babur, 'yan kasuwa suka tsawwala farashi, kafin shekara ta zagayo kuɗin Udoji ya bi ruwa, ofis yana nan yadda yake.

Sai kuma 1975, lokacin da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu a rediyo suka fara jin labarin korarsu. Babu shakka akwai ɓarayi da malalata a cikinsu, amma guguwar ta haɗa da masu gaskiya, waɗanda ba a ko saurari ta bakinsu ba. Waɗanda suka tsira suka ɗauki darasi mummuna: tun da kujera ba ta da tabbas, kowa ya yi ta kansa tun da sauran rana.

Akawun da ya shekara takwas ba ƙarin girma, yana kallon wanda ya zo jiya ya tsallake shi don yana da uwa a gindin murhu, ba za a sami zuciyarsa da wasiƙar gargaɗi ba. Haka malamar asibitin da ake yanke shawara a kan ɗakinta ba a tambaye ta ba, alhali ita ta san inda rufi yake yoyo. Balle wanda yake ganin tsohon maigidansa, bayan shekara 35 yana bauta wa ƙasa, yana jerin gwano a rana don neman garatuti. Wannan ma'aikaci zai zo ofis, ya sa hannu a rajista, jikinsa a nan, hankalinsa a gona ko a shago.

Saboda haka ya wajaba gwamnoni da shugabannin ma'aikata su fara da abin da ba ya cin kuɗi da yawa. Manyan sakatarori su sauko daga bene su zauna da ƙananan ma'aikata ko da sau ɗaya a wata. A liƙa ƙa'idar ƙarin girma a allon sanarwa inda masinja ma zai karanta, kuma wanda aka hana, a faɗa masa dalili a rubuce.