Allah Bai Yi Alkawarin Rumfa Ba Za Ta Ƙone Ba

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata magana da na ji ranar Lahadin da ta wuce, wadda har yanzu ta tsaya mini a rai. Ina dawowa daga sujada a cikin bas, sai wani mai wa'azi ya miƙe ya fara magana da ƙarfi, yana cewa wai duk Kiristan da ka ga yana asara a kasuwa, ko ciwo ya kwantar da shi, to bangaskiyarsa ce take yoyo, ko kuwa yana yi wa Allah rowa. Da ya gama sai ya fito da ambulan yana rabawa. Ban tanka masa ba, domin ya girme ni, amma na ƙudura cewa sai na faɗi nawa ra'ayin.

Ni dai ba fasto ba ne, ban kuma je makarantar tauhidi ba. Karatuna ya tsaya a sakandare, ɗan mai sayar da albasa ne ni. Amma Hausawa sun ce jiki magayi, kuma abin da zan faɗa a jikina na ji shi.

Asalinmu mutanen ƙasar Malumfashi ne a jihar Katsina. Kakana Bamaguje ne da ya karɓi bishara, shi kuwa babana ya sauko Badun tun kafin a haife ni, yana saro albasa daga wajen Aliero ta jihar Kebbi yana sayarwa a kasuwar Shasha da ke ƙaramar hukumar Akinyele. Wanda duk yake Bahaushe kuma Kirista a ƙasar Yarabawa ya san irin zaman jemagen da muke yi. Bayarabe yana jin harshenka ya gama yanke hukunci, in ka ce masa coci za ka sai ya yi dariya ya ɗauka wasa kake yi. Ɗan'uwanka Bahaushe kuma yana jin sunanka sai ya ce, "To kai ainihi wane yare ne?" Da wannan muka tashi, har ya zame mana jiki.

A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar. Daga saɓani tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago, aka yi asarar ran mutum guda, kafin a ankara wuta ta tashi ta ko'ina. An rasa rayuka, shaguna da gidaje sun ƙone, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita. Kwana biyu kafin nan aka sauke wa babana lodi, kuma fiye da rabin kayan bashi ne. Rumfar da albasar duka suka zama toka. Babana dattijon ikilisiya ne, ban taɓa ganin watan da ya tsallake ushirinsa ba, kullum da asuba sai ya tashe mu addu'a. Amma wutar ba ta tsaya ta tambayi wane ne mai ushiri ba. To ya kai mai wa'azin cikin bas, ta ina bangaskiyar wannan tsoho ta yi yoyo?

Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina a lokacin irin tunanin mai wa'azin nan nake da shi, shi ya sa abin ya kusa kayar da ni. Na yi makonni ban buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Wata rana da dare na kasa daurewa na ce, "Baba, duk hidimar da kuke yi wa Allah, ina amfaninta in har haka za ta ƙare mana?" Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kai yaro, da Allah ciniki muke yi, na ba shi albasa ya ba ni canji? Zauna ka lissafa mini waɗanda suka riƙe mu tun ranar da wutar nan ta tashi."

Da na zauna na lissafa, sai kunya ta kama ni. Daren farko wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da abinci ce ta ja mu cikin ɗakinta, ni da mamana da ƙannena biyu, ta kulle ƙofa ta zauna a bakin ƙofar da kanta, kwana biyu tana ciyar da mu. Samarin da muke gudu yarensu ɗaya da ita. Bayan kwanaki, Alhajin da ya ba babana kayan bashi ya bugo waya. Babana ya ɗauka hannunsa yana rawa, sai muka ji yana cewa, "Dattijo, rai dai ya tsira ko? To alhamdu lillahi. Maganar kuɗi ka ajiye ta sai ka miƙe, in hanya ta buɗe zan ɗora maka wani lodin." Musulmi ne, kuma ya san sarai babana Kirista ne, shekara da shekaru suna hulɗa. Sai kuma Zumuntar Mata ta majami'armu, matan da su kansu da ƙyar suke haɗa na cefane, suka tara mana garin masara da tufafi da tabarmi.

Ra'ayina ke nan, 'yan'uwa: taimakon Allah ba yana nufin wahala ba za ta zo ba. Yana nufin in ta zo ba za ta same ka kai kaɗai ba, kuma sau da yawa hannun da zai aiko maka ba daga inda kake kallo zai fito ba. Ku tuna da annabi Iliya a lokacin fari. Ba gidan wani attajirin Isra'ila aka aike shi ba, wurin gwauruwa aka aike shi a Zarefat, baƙuwa wadda ɗan garin da ya rage mata bai wuce ci ɗaya ba. Ku tuna da manzo Bulus, wanda ya gaya wa Korintiyawa cewa sau uku yana roƙo a cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, sai dai aka ba shi alherin ɗaukarta. Ayuba kuwa, abokansa da suka nace cewa lalle wani zunubi ya ɓoye, su ne Allah ya tsawata wa a ƙarshe. Wa'azin cikin bas ɗin nan ba sabo ba ne, tsohuwar maganar abokan Ayuba ce aka sa mata kwat da ambulan.

In mun dawo ƙasarmu ma haka tarihi ya nuna. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kai bishara Arewa, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Da ma'aunin mai wa'azin nan za a auna su, sai a ce sun faɗi. Amma daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A zamaninmu kuma, a Fabrairun 2018 aka sace 'yan makaranta a Dapchi, aka sako sauran a watan Maris aka riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. A Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan sun yi garkuwa da shi. Wa zai iya buɗe baki ya ce waɗannan ƙarancin bangaskiya ne ya ja musu? Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Na san wani zai ce, ai mutane ne suka taimake ku, me ya kawo Allah a ciki? Amsata ita ce, ni na san abin da tsoro yake sa mutum ya yi, na gan shi da idona a ranakun nan. Abin da zai sa tsohuwa ta sa ranta a bakin ƙofa saboda baƙi, ya sa ɗan kasuwa ya manta da kuɗinsa a lokacin da kowa yake ƙirga asara, ni ban san sunan da zan ba shi ba in ba aikin Allah ba. Wani kuma zai ce ina koya wa mutane su naɗe hannu su karɓi zalunci. Ko kaɗan. Haƙuri daban, mutuwar zuciya daban. Wajibi ne hukuma ta kare ran kowa da dukiyarsa, kuma za mu ci gaba da faɗa. Babana ma bai zauna jiran mu'ujiza ba, da aka buɗe kasuwa shi ne ya fara shimfiɗa buhu a ƙasa yana kasa albasa kamar sabon shiga.

Kada kuma ku ɗauka zan rufe da cewa an ninka mana abin da muka rasa. Ba a ninka ba. Muna cikin farfaɗowa aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan aka cire tallafin mai a watan Mayu na wannan shekarar, kuɗin motar ɗauko kaya daga Arewa ya yi tashin gwauron zabo. Bashin Alhaji sai da muka shekara biyu muna biya kaɗan-kaɗan. Karatun gaba da sakandare da na sa rai har yau ban samu na koma ba, ni ne a rumfa tare da tsoho. Wani lokaci in na ga abokan karatuna abin yakan sosa mini rai.

Amma ga abin da na samu wanda wuta ba ta iya ci. Na farko, ban fita daga wannan fitina da ƙiyayyar kowa ba, ba Bayarabe ba, ba Musulmi ba, domin duk lokacin da zuciyata ta so ta yi musu kuɗin goro sai fuskar tsohuwar nan da muryar Alhaji su tare ni. Na biyu, na daina yin addu'a kamar mai karɓar bashi. Yanzu in na durƙusa, ƙarfin ɗaukar kayan ranar nake roƙo, kuma ban taɓa tashi hannu wofi ba.

Saboda haka ina roƙonku 'yan'uwa, in kun ga wani a cikin gwaji, kada ku je masa da binciken laifin da ya yi. Ku je da kwanon abinci, ko kuɗin mota, ko ku zauna kusa da shi ku yi shiru. Wataƙila kai ne amsar addu'ar da ya kwana yana yi. Kai kuma da kake cikin wuya yanzu, kada wani mai ambulan ya sa ka ɗauka an yashe ka. Yi abin da babana ya sa ni, ka zauna ka lissafa waɗanda suka riƙe ka.

Ubangiji ya ƙarfafa duk mai nauyin zuciya, ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya, ya kuma sāka wa duk wanda ya taɓa ɓoye baƙo a ɗakinsa. Amin. Sai mun sake saduwa in Allah ya bar mu da rai.

Naku cikin Almasihu,
ɗan mai albasa, daga Badun.