Haƙƙin Waɗanda Ke Kwance A Gonakinmu

Ganin lokacin sharar gona ya gabato, ya zama wajibi mu ja hankalin 'yan'uwa manoma na Babban Mutum da sauran ƙasar Baure zuwa ga wani haƙƙi da ake tattakawa kowace damina ba tare da an ɗauke shi zunubi ba, wato haƙƙin tsofaffin kaburburan da ke cikin gonaki.

Ƙasar nan ta sha yaƙi. Tun da jihadi ya iso Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu ya fita, danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, wannan yanki ya zama hanyar rundunoni, musamman na Damagaram a zamanin Sarki Tanimu, kuma ƙura ba ta lafa sosai ba sai wajen 1906 da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon Daura. Wanda ya faɗi a fagen daga ba kasafai ake kai shi gida ba, nan ake rufe shi, dajin jiya kuwa shi ne gonar geron yau. Idan garma ta tono ƙashi, babu mai iya cewa na Badauri ne ko na Badamagare. Abin da muka sani, mafi yawansu masu kalmar shahada ne, jikokinsu kuma kasuwa ɗaya suke ci a gefe biyu na iyaka.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan al'amari, kuma duka sun kauce. Akwai wanda saboda kwaɗayin kunya biyu ta wake zai bi ta kan kabari da shanu, ya watsar da ƙashi a bakin gona, alhali ya tabbata daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Akwai kuma wanda da zarar an ce masa ga kabarin shahidi, sai ya ɗaura ƙyalle a itaciyar wurin, ya yi yanka, ya ɗebi ƙasa don neman haihuwa ko albarkar amfanin gona. Na farko ya zalunci mamaci, na biyu ya zalunci kansa, domin kuwa wannan ƙofar shirka ce.

Shin akwai shahidan da suka fi na Uhudu? Su saba'in ne, a shekara ta 3 bayan Hijira. An ɗauki waɗansunsu za a kai Madina, Manzon Allah (SAW) ya sa aka mayar da su inda suka faɗi, aka rufe su bibbiyu da uku-uku a kabari ɗaya. Bayan shekara 8 ya je ya yi musu addu'a. Bai gina ƙubba ba, bai kuma bari a taka su ba. Da ya so gane kabarin Usman bin Maz'un (RA), dutse ɗaya ya ajiye.

Da wannan ma'aunin muke duban bikin 15 ga Janairu, inda ake ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru. 'Ya'yan ƙasar Hausa sun faɗi a Bama, sun faɗi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sun faɗi a dazukan Barno tun daga 2009. Fure ba ya isa kabari. Abin da ke isa shi ne addu'a da sadaka da biyan bashin mamaci, sai kuma kula da marayunsa da matarsa, wadda sau da yawa takan gaji da zirga-zirgar neman haƙƙin mijinta tun kafin furen ya bushe.

Muna kira ga limamai da dagatai da masu unguwanni su zaga da dattawan da suka san wuraren tun kafin ruwa ya sauka, a kewaye kowane kabari da ƙaya ko a sa dutse, a bar shi ba shuka ba gini. Ƙashin da aka riga aka tono a naɗe shi a farin ƙyalle a mayar da shi ƙasa. Allah Ya gafarta musu, Ya haskaka makwancinsu.