Ƙara wa ƙaramin babur gudu: aikin da ake bari rabi

A gindin dalbejiya, a irin garejin da ba a rasa shi a kowace unguwa ta Kano ko Zariya ko Maraɗi, wani saurayi ne tsugune a gaban ƙaramin babur ɗinsa. Babu abin da ya lalace a jikinsa. Bugu ɗaya yake tashi, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi. Kukan mai shi ɗaya ne: "Oga, ba ya ja. Jiya wani yaro ya wuce ni a titi kamar ina tsaye." Bakaniken ya goge hannu da tsumma, ya ce in dai gudu ake so ai akwai dabara: a sauya bulo da fistin, a buɗe kafireta, a huda salansa. Aka yi ciniki aka gama, aka ajiye kuɗin kaya. A duk tsawon hirar babu wanda ya ambaci birki.

Wannan gurbin da aka bari shi ne abin da ke damun mai wannan rubutu. Ƙara wa inji ƙarfi sana'a ce ta gaske, mai ilimi da tarihi, kuma yaron da ke sha'awarta bai yi laifi ba. Laifin yana ga aikin da ake yi rabi: a ba babur gudun da ba a ƙera shi dominsa ba, a bar shi da birki da taya irin na da, sannan a sake shi a titin da 'yan makaranta ke tsallakawa.

Asalin abin daga Italiya yake. A 1946 kamfanin Piaggio ya fito da Vespa a garin Pontedera, bisa zanen wani injiniyan jiragen sama, Corradino D'Ascanio. Sunan yana nufin rina a harshensu, saboda siririn ƙugunta da kukan injinta. Wannan Vespa da a ƙasar Hausa aka sani da malamai da 'yan kasuwa da dattawan ma'aikata, mai tafiyar natsuwa da wurin ajiye babbar riga, tun tana jaririya aka fara tsere da ita. A watan Fabrairun 1951 Dino Mazzoncini ya kai kilomita 171 a awa da wata Vespa ta musamman a kan hanyar Roma zuwa Ostia. Kafin shekarar ta fita abokiyar hamayyarta Lambretta ta rama: Romolo Ferri ya haura kilomita 200 a awa da inji mai cc 125 kacal a wata babbar hanya ta Jamus. Amma an rufe hanyoyin ne domin gwajin, kuma baburan an lulluɓe su da gangar jiki mai kama da harsashi, injiniyoyin kamfani na tsaye a gefe.

Abin da ya kai sana'ar hannun yara kuwa doka ce. Dokar hanya ta Italiya ta wancan zamani ta yarda ɗan shekara 14 ya hau babur ba lasisi ba lamba, muddin injin bai wuce cc 50 ba, gudunsa kuma bai wuce kilomita 40 a awa ba. A 1963 Piaggio ya ƙera Vespa 50 daidai wannan ma'auni, ta kuwa cika gari. Yaran suka gano cewa injin yana da sauran ƙarfi a ɓoye, ɗaure shi kawai aka yi. Kasuwa ta buɗe. Malossi na yankin Bologna, Polini na yankin Bergamo da Pinasco na Genoa suka shahara wajen ƙera bulo da fistin da salansa na ƙarin gudu, har yau kuma da wannan ake saninsu a duniya.

Lissafin ba shi da wuya. Faɗin fistin ɗin Vespa 50 milimita 38.4 ne, tafiyarsa sama da ƙasa milimita 43. In aka sa bulo mai faɗin milimita 47, injin ya koma kusan cc 75. In aka kai 55, ya zama cc 102, wato ya ninka. Haka yake ga ƙananan injinan China masu cc 50 da ake kira 139QMB: daga milimita 39 zuwa 47 sai su koma cc 72, zuwa 50 kuma cc 81, duk da cewa a jikin kwali 80 da 100 ake rubutawa domin jan mai saye. Babban ɗaki yana ɗaukar iska da fetur da yawa, bugun ya yi ƙarfi, babur ya ja.

Sai dai ba a nan gwanintar take ba. Wanda ke son ya ga inda ilimin ya yi zurfi, ya dubi salansar inji mai bugu biyu, irin na tsohuwar Vespa da ake haɗa mata fetur da mai. A wannan inji, lokacin da hayaƙi ke fita, wani kaso na sabon fetur yana bin sa ya tsere. Wani injiniya na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, ya ƙware wajen ƙera salansa mai ƙaton ciki, siririya a baki da wutsiya, wadda ke maido da bugun iska baya a daidai lokacin da zai tura fetur ɗin da ya tsere ya koma cikin bulo kafin ƙofa ta rufe. Da wannan dabara ya fitar da ƙarfin doki 25 daga inji mai cc 125 a 1961. A shekarar ne matuƙinsa Ernst Degner ya gudu Yamma bayan gasar Suwidin, ya koma Suzuki da abin da ya sani, a 1962 kuma ya zama zakaran duniya na farko a ajin cc 50. Tsawon kowane sashe na irin wannan salansa lissafi ne, kuskuren 'yan santimita kan sauya halin injin gaba ɗaya. To ina wannan, ina huda salansa da ƙusa ko fizge cikinta? Abin da hudawar ke ƙarawa ƙara ce. Kunne ya ji rugugi, zuciya ta ɗauka gudu ne, maƙwabta su rasa barci, sau da yawa ma ƙarfin injin raguwa yake yi.

Haka batun kafireta. Duk wanda ya ƙara wa inji iska dole ya ƙara masa fetur daidai gwargwado, ta hanyar sauya ɗan ƙaramin bututun tagullan nan da ake kira jet. Tsohon bakanike ba ya yin wannan da ka. Yakan hau babur ɗin ya murɗa totur na ɗan lokaci, ya kashe, ya kwance fulogi ya ɗaga shi ga hasken rana. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, an dace. In ya yi baƙi ƙirin, fetur ya yi yawa. In kuwa ya yi fari fat kamar toka, to inji yana cikin yunwa, zafi na cin sa, kuma nan ne hatsarin yake. Fistin ɗin alminiyom ya fi bulon ƙarfe saurin kumbura, sai ya cije a ciki ana tsakiyar gudu, tayar baya ta kafe nan take. A kan Vespa mai kuloci, ƙwararre na iya damƙe shi cikin ƙiftawar ido ya tsira. Yaron da bai taɓa jin labarin abin ba sai dai a tsince shi a kwalta.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi muni a yankinmu fiye da Turai, wato cire matatar iska wai don inji ya sha iska sosai. A ƙasar da hunturu ke shafe watanni yana zuba ƙura, wannan daidai yake da ɗura wa inji yashi. Ringi ya cinye, bulo ya karce, boris ɗin karanshaf da aka ƙera don ɗaukar bugun ƙaramin fistin ya fara kuka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: injin da aka matsa wa ba ya daɗewa, kuma ya kamata a faɗa wa mai shi haka kafin a kwance ƙusa ta farko.

Wannan duka asarar aljihu ce, ana iya jure ta. Asarar da ba ta maiduwa tana wajen tsayawa. Babur mai gudun kilomita 45 a awa yana cin mita 12 da rabi a kowace daƙiƙa. A gudun 90, mita 25 ke nan, tun kafin hannu ya kai ga birki. Bayan an kama birkin kuma, nisan da za a ja ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne: wanda zai tsaya a mita 13 sai ya kai 52. Birkin gangan da ke jikin yawancin ƙananan babura an auna shi ne da gudun da kamfani ya tsara, in aka matsa masa sau biyu sau uku a jere sai ya ɗau zafi ya daina kamawa. Ita kanta Vespa PX da aka fara ƙerawa a 1977 ba ta sami birkin faifai a gaba ba sai a 1998. Ga taya mai inci 10, wadda ramin da babban babur zai haye ita faɗawa take yi ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma ta daɗe tana jan kunne cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara hatsarin da ke kisa da kashi 4. Wanda ya taɓa kai dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga yadda waɗannan alƙaluma ke kama a jikin ɗan Adam.

Wani abin da masu neman gudu ba su cika sani ba shi ne iska ma tana karɓar nata kason. Don a ninka gudu, ƙarfin da ake buƙata wajen keta iska ninki takwas ne. Shi ya sa saurayi zai zuba kuɗi masu yawa, ya ga allurar maleji ta ɗan matsa kaɗan, ya koma gareji a ƙara, har a kai injin inda ba zai iya ba.

Ƙasashen Turai sun bi ta hanyar doka. A Tarayyar Turai ƙaramin babur mai cc 50 ba ya wuce kilomita 45 a awa. A Holan ma aji biyu ne, mai shuɗiyar lamba kilomita 25 a awa, mai rawaya 45, kuma 'yan sanda na yawo da wata na'ura mai gangunan ƙarfe, su ɗora tayar baya a kai, su murɗa totur har ƙarshe, su karanta gaskiyar gudun a gefen titi. Wanda ya zarce ya sha tara. Amma duk da wannan tsanani ba a kashe sana'ar ba. Malossi da Polini suna shirya gasanninsu a filayen tsere da aka killace, inda ake duba kowane babur kafin ya shiga, matuƙi ya sa hular kwano da rigar fata, motar asibiti na jira a gefe. Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin inji yana da inda zai kai shi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna kiwon dawaki sun san ba a sukuwa a cikin kasuwa, shi ya sa garuruwa irin su Kano da Kaduna suke da filin sukuwa. Sun kuma san ba a hawan ingarma sai an duba linzami da majayi. Abin mamaki ne a ce jikokinsu suna ɗaga gaban babur a tsakiyar ayarin kai amarya, tsakanin motoci cike da mata da yara, don babu wani wuri da aka tanadar musu. Kamu da ƙwace babura ya daɗe ana yi, yaran kuma ba su daina ba, sai dai su sauya titi ko su jira dare. Jiha ɗaya da za ta ware fili, ta shimfiɗa 'yar kwalta, ta sa rana a wata, ta ce ba mai shiga sai da hular kwano da babur da aka duba, za ta sami bakin cewa wanda aka kama yana ganganci a titi ba shi da uzuri. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda ke aiki tun 1988, tana da ma'aikatan da za su iya dubawar. Kwalejojin fasaha kuma za su sami ɗaliban da ba a taɓa yi musu tayin aji ba, domin yaron da ya iya karanta bakin fulogi ya riga ya fara karatun injiniya ko da bai san sunansa ba.

Kafin a kai can, nauyin yana wuyan bakanike, don shi ne babba a wannan ciniki, shi ya san abin da yaron bai sani ba. Ƙungiyoyin masu gyaran babura suna da shugabanni da dokoki, suna cin tarar wanda ya saci kayan kwastoma ko ya ƙwace wa ɗan'uwansa aiki. Ba zai gagare su ba su ƙara sharaɗi ɗaya: duk wanda zai taɓa bulo ko kafireta don ƙarin gudu, sai ya fara da sabon takalmin birki da waya, tayoyi masu zane, shakazoba mai rai, matatar iska a mazauninta, kuma ba a yi wa yaron da bai kai shekarun lasisi ba, ko nawa ya zo da shi. Takalmin birki gaba da baya bai kai kuɗin sabon bulo da fistin ba.

A garejin gindin dalbejiyar nan, da saurayin ya dawo ɗaukar babur ɗinsa da yamma, abin da mai wannan rubutu ke so ya ji daga bakin ogan shi ne: "Ɗana, injin ya tashi, amma makulli yana hannuna. Je ka kawo hular kwano, ka kawo kuɗin birki, gobe da safe mu fita bayan gari in ga yadda kake tsayawa."