FASAHAR NANO: KADA A YI MANA CINIKIN BIRI A SAMA

Yau za mu taɓo wata magana wadda manya ke yi da Turanci a ɗakunan taro na Abuja, suna zaton ba ta shafe mu ba. Sunanta fasahar nano. Wani zai ce, to, ina ruwan mai sayar da akuya da wannan? A dakata tukuna. Mu a jam'iyyar nan mun daɗe da lura, duk maganar da aka ce ta fi ƙarfin kan talaka, ƙarshenta daga aljihun talaka za a biya kuɗinta.

Ga abin da ake nufi. Ku dubi ɗan tsagin nan mafi ƙanƙanta a jikin ma'aunin tela, wato milimita ɗaya, ku raba shi kashi miliyan. Kashi ɗaya daga ciki shi ne nanomita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. To, masana sun gano cewa in an mai da abu ƙanƙane har ƙwayarsa ta gaza nanomita 100, sai halinsa ya sake. Zinariya da muka sani fatsi-fatsi, in ta yi wannan ƙanƙanta sai ta koma ja. Kuma kun sha ganinta ba ku sani ba. Ɗan katin nan da ake ɗiga wa jini a asibiti ko a kemis don gwajin zazzaɓin cizon sauro, jan layin da ke fitowa a mafi yawansu ƙwayoyin zinariya ne irin waɗannan. Haka cikin wayar da ke aljihunku. Ashe dai abin ya riga ya shigo kasuwarmu, sai dai mu masu saye ne kurum, ba mu da hannu a ƙira.

Waɗansu ƙasashe ba su tsaya kallo ba. Amurka ta kafa shirinta na ƙasa a 2000. Iran, duk da takunkumin da aka ƙaƙaba mata, ta kafa majalisar wannan aiki a 2003. Afirka ta Kudu ta rubuta tsarinta a 2005, ta ce za ta sa ruwan sha da lafiya da makamashi a gaba, kuma a 2007 ta buɗe cibiyoyi biyu na bincike. Shekara biyu ke nan tsakanin takarda da aiki.

Mu fa? Hukumar NASENI ta ɗauko zancen tun 2006. Sai a 2018 Ministan Kimiyya na lokacin, Dokta Ogbonnaya Onu, ya naɗa kwamitin da zai rubuta manufar ƙasa a kai. Shekara 12 daga buɗe baki zuwa naɗa kwamiti! Ɗan maraƙin da aka haifa ran da aka fara maganar, kafin nan ya zama bajimi, ya tsufa, an kai shi mahauta.

Ba mu ce ba mu da masana ba, kada a yi mana ƙarya. A Jami'ar Nsukka akwai masu wannan bincike, haka a Jami'ar Ladoke Akintola ta Ogbomosho. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an yi aiki a kan farar ƙasar Ƙanƙara ta nan jiharmu, ana mai da ita wani sinadari mai ƙananan ƙofofi wanda matatun mai ke bukata. Waɗannan bayin Allah suna ƙoƙari, amma da hannu ɗaya suke jinka. Na'urar da ake duba irin waɗannan ƙwayoyi da ita tsada gare ta, ga shi ba ta jimre ɗaukewar wuta, don haka sau da yawa sai malami ya ƙulla ɗan garin da ya haɗa ya aika ƙasar waje a duba masa. A 2007 shugabannin Afirka sun taru a Addis Ababa suka yi alkawarin kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a kan bincike. Nijeriya ko rabin wannan ba ta taɓa cikawa ba. Amma kuɗin motocin manya, wannan ba ya makara.

To, da yake aljihun bincike wayam yake, sai mahukunta suka riƙe kalma ɗaya: haɗin gwiwa da ƙasashen waje. Mu ba mu ƙi ba. Wanda bai iya ba dole ya je wurin wanda ya iya. Amma mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da manya ke kira haɗin gwiwa ciniki ne, kuma kowane ciniki da mai riba. Ran Lahadi a karar Mai'aduwa ba wanda ke biyan kuɗin sa sai ya duba haƙoransa, ya shafa tozo, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. In tayi bai yi ba a ce albarka. Don me in an zo cinikin ƙasa baki ɗaya za a sallama ba tayi, ba dubawa, kuma ba a gaya wa masu dukiya nawa aka sayar?

Iyayenmu sun ga irin wannan. Sun noma gyaɗa, aka tara ta dala-dala a Kano, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko, jirgin ruwa ya kai Ingila, ta dawo mana mai a gwangwani da tsada. Abin da muke tsoro shi ne a maimaita da farar ƙasar Ƙanƙara, a kwashe ta a tirela a kuɗin yashi, a dawo mana da ita a ƙaramar kwalba a kuɗin zinariya. A kwashe mana yara masu ƙwaƙwalwa kuma da sunan karo ilmi, su dawo su tarar ba na'ura ba wuta, su sake ɗaukar jaka.

Akwai wani tsoron da ya fi wannan kusa da gona. A 2021 wani babban kamfanin taki na Indiya mai suna IFFCO ya fito da takin yuriya na ruwa, na nano, ya ce kwalba ɗaya mai rabin lita za ta tsaya a madadin buhu mai kilo 45. Ku yi lissafi irin na kasuwa. Sinadarin da shuka ke ci a cikin buhun nan ya kai kilo 20. Wanda ke cikin kwalbar giram 20 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu. Kamfanin ya ce da yake a ganye ake fesawa, kuma ƙwayoyin ƙanana ne, shuka na shanyewa ba asara. To, Jami'ar Noma ta Punjab, a can Indiya ɗin, ta gwada a gonakinta, kuma a farkon 2024 aka ji sakamakon: alkama da shinkafa sun ragu, ba su ƙaru ba. Masana na ta gardama a kai. Mu ba alƙalai ba ne. Abin da muka sani shi ne, yadda buhun taki ya fi ƙarfin talaka yau, ran da wani ya kafa tebur a kasuwa da kwalba yana shelar ta fi buhu, kafin la'asar zai sayar da ita kaf. In ta yi, alhamdu lillahi. In ba ta yi ba fa? Mai tebur ya hau mota ya tafi Maigatari ko Jibiya, manomi kuwa damina ɗaya gare shi a shekara, kuma a wannan jigawa tamu wata uku ce zuwa huɗu.

Akwai dokar kula da ingancin taki da aka sa wa hannu a 2019. Akwai Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, tun zamanin Turawa. Muna kira ga Gwamnati da babbar murya, duk wani taki ko maganin ƙwari ko maganin dabba da aka liƙa wa sunan nano, kada ya shiga kasuwa sai an gwada shi a ƙasarmu, a kan geronmu da dawarmu da wakenmu, damina biyu a jere, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Wannan shi ne babi na farko na kowane tsarin ƙasa, ba tafiye-tafiyen taro ba.

In ana son a ga haɗin gwiwa na gaskiya, a leƙa rumbu. Buhun nan mai riɓi uku na ajiye wake ba magani, wanda ake kira PICS, ba nano ba ne, amma tafarkinsa abin koyi ne. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka yi aikin tare da masanan Afirka, ciki har da na cibiyar binciken noma ta Nijar da ke Maraɗi. Daga 2007 aka bi ƙauyuka ana ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a kwance a gabansu, kowa ya sa hannu ya duba ko ƙwaro ya ci. Sa'an nan aka ba masana'anta a Kano ta riƙa yinsa. An fara daga matsalar talaka, an gwada a idonsa, an ƙera a gida. Kowace yarjejeniya da za a ƙulla da Sin ko Indiya ko Afirka ta Kudu, da wannan mudun za mu auna ta.

Wani abin mamaki, in manya sun ce ƙasar waje, idonsu na kan inda jirgin sama ke sauka. Ga ƙasar waje nan a Kwangwalam, tafiyar ɗan lokaci a kan babur. Rairayinmu ɗaya da na Matamaye da Magarya, ruwan rijiya ɗaya, cutar dabba ɗaya. Akwai jami'a a Damagaram, akwai a Maraɗi, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Na'ura mai tsada guda ɗaya za ta ishe su duka in an yarda a yi karo-karo. Amma an rufe iyaka a watan Agusta na 2019, an sake rufewa a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Yamai har zuwa Maris na 2024, kuma kun fi kowa sanin abin da kasuwarmu ta gani. Wanda ya toshe hanyar raƙumi da buhun gero, ya toshe hanyar malami da ɗalibi.

A Daura an kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a 2019, kuma a ƙarshen shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina kyauta. Mun gode da gini. Amma gini ba shi ne ilmi ba. Muna so ɗaya daga cikinsu ta sami ɗakin gwaji mai wutar rana, inda shugaban 'yan taki na kasuwa zai kai kwalba a gaya masa abin da ke ciki, inda mai unguwa zai kai ruwan rijiyar da yara ke sha suna ciwon ciki. A Indiya ɗin nan, masanan Madras sun ƙera matacin ruwa na nano mai cire guba, an kafa shi a ƙauyuka. Irin wannan muke so a nemo mana, a koya wa yaranmu haɗa shi.

Saboda haka muna umurtar rassanmu na ƙasar Daura, kowane reshe ya karanta wannan takarda a taronsa na mako, a bayyana wa waɗanda ba su karatun boko. Duk wanda ya ga kwalba mai sunan nano a kasuwa ya sayi ɗaya ya kai wa sakataren reshe da sunan kamfanin da ke jiki. In ɗan majalisa ya zo gida kuma, ku tare shi da ladabi ku tambaye shi: yarjejeniya nawa aka sa wa hannu a kan wannan fasaha, da wace ƙasa, nawa aka biya, kuma wane abu za a ƙera a jihar Katsina?